Wa Ke Sauraron Wayarmu, Kuma Wa Ya Ba Shi Izini?



Akwai wata magana da ta kama bakinmu a 'yan shekarun nan: "Ba zancen waya ba ne, sai mun haɗu." Ɗan kasuwa yana faɗa wa dillalinsa, uwa tana faɗa wa 'yarta da ke gidan miji, mai neman rance yana faɗa wa wanda zai ranta masa. Babu wanda ya tara mu ya ce ana sauraronmu, amma kowa ya sa a ransa cewa in mutum biyu suna magana a waya, to akwai kunne na uku. Mu da neman abinci ya zaunar da mu a Bauchi, iyaye da dangi kuwa suna Katsina, Zamfara, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, wayar nan ita ce zaurenmu. Ta nan ake tsai da maganar aure, ta nan ake sulhu, ta nan ake sanar da rasuwa, ta nan ake faɗa wa yaro wurin wanda zai karɓi kuɗin sari. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna a takardar wannan Juma'a: shin gwamnati tana da hurumin kasa kunne ga wayar mutane da sunan tsaro?

Bari mu fara ba masu cewa "e" haƙƙinsu, don suna da hujja mai ƙarfi, kuma garin nan ya san ta. Ranar 26 ga Yulin 2009 a nan Bauchi aka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kuma daga nan wutar Boko Haram ta bazu zuwa Yobe da Borno. Ranar 7 ga Satumban 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka fice. A Disambar 2014 bam ya tashi a Babbar Kasuwa, wuta ta cinye dukiyar mutane. Yau kuma ga garkuwa da mutane a yankunan Alkaleri, Toro da Ningi, ban da abin da ke faruwa a garuruwanmu na asali. Duk waɗannan ba a shirya su da bakin tsuntsu. Da waya ake shirya su, da waya ake cinikin kuɗin fansa. Wanda ɗan'uwansa yake daji a ɗaure, in ka ce masa kada gwamnati ta bi sawun lambar da ke kiransa saboda kare sirri, ai zai ɗauka ba'a kake yi masa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wannan gaskiya ne, ba ma jayayya da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne: kunnen wa, a kan wa, da izinin wa, kuma har zuwa yaushe?

Doka ta yi magana a kai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariya a kan gidansa, wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Da sunanta aka ambaci waya a ciki. Sai dai sashe na 45 ya buɗe ƙofa: ana iya yin dokar da za ta rage wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a, muddin dokar ta dace da hankali a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ta wannan ƙofar aka shigo da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ta tilasta wa kamfanonin waya ajiye bayanan masu layi da na kiraye-kirayensu har shekara 2, ta kuma ba alƙali ikon ba da umarnin a saurari mutum in an kawo masa dalili bisa rantsuwa. A 2019 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin sauraron waya. A takarda, sai jami'i ya je gaban alƙali ya karɓo izini. Amma in an ce abin gaggawa ne, kamar rai yana cikin haɗari ko ana barazana ga tsaron ƙasa, za a iya fara sauraro tukuna, a nemi izinin cikin awa 48. Rahoton abin da aka saurara a shekara kuwa ana miƙa shi ne ga Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya, wato minista a cikin gwamnatin da ta yi sauraron. Lauyoyi da masu kare haƙƙi sun daɗe suna ƙorafin cewa abu mai nauyi irin wannan, wanda ya taɓa kundin tsarin mulki, majalisa ya kamata ta zauna a bainar jama'a ta yi masa cikakkiyar doka, ba hukuma ta rubuta ƙa'ida a ofis ba.

Su kuwa 'yan siyasa, wanzamai ne da ba sa son jarfa. A Afrilun 2013 jaridar Premium Times ta fallasa cewa gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila kwangilar Dala miliyan 40 don sa ido a kan abin da 'yan Nijeriya ke yi a intanet. 'Yan adawa da ƙungiyoyi suka yi ca, suka ce za a mai da ƙasa gidan leƙen asiri. Bayan shekara takwas, a Yulin 2021, 'yan adawar jiya suna kan mulki, sai ga ƙarin kasafin kuɗi da aka ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA, kimanin Naira biliyan 4.8 don na'urorin tatsar saƙonnin WhatsApp da kiran wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Masu mulkin jiya su ma suka koma kuka. Kun ga ke nan, wanda ke bisa kujera yana kiran abin tsaro, in ya sauka ya kira shi zalunci. Na'urar kuwa tana nan, ba ta sauka tare da kowa. Duk wanda ya ji daɗi don gwamnatin da yake so ce ke riƙe da ita yau, ya tuna gobe tana hannun wanda bai zaɓa ba.

To, sai wani ya ce: "Malam, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Ni da ba na sata, ba na ta'addanci, su saurara mana, me za su ji?" Wannan ita ce maganar da muka fi ji a rumfuna, kuma ita muke so mu ɗan daɗe a kanta.

Da farko, ba laifi kaɗai ake ɓoyewa ba. Wanene a cikinmu zai yarda a karanta littafin bashinsa a lasifikar masallaci? Babu haram a ciki, amma akwai sunan dattijon da ya ci bashin buhun masara don ya rufa wa iyalinsa asiri. Akwai farashin da ka saro kaya, wanda in maƙwabcin shagonka ya sani ya gama da kai. Akwai matar da ke gaya wa mahaifiyarta abin da likita ya ce, akwai saurayin da aka hana shi aure yana kuka ga yayansa. Kowa yana rufe ƙofar banɗaki, kuma babu wanda ya taɓa cewa ɓarna ake yi a ciki. Mun gaji kalmar "rufin asiri" daga iyaye, har muna roƙon Allah ita safe da yamma. Abin da muke roƙa a addu'a bai kamata mu ce ba shi da daraja in an zo maganar waya ba.

Na biyu, "gwamnati" ba wani mala'ika ba ne da ke zaune a Abuja. Mutane ne: jami'i mai albashi, mai bashi a kansa, mai aboki ɗan kasuwa, mai uban gida ɗan siyasa. Abin da ya shiga kunnensa yana iya fita ta bakinsa. A 2023, bayan zaɓe, an saki wani sauti da aka ce hirar waya ce tsakanin Peter Obi da Bishop David Oyedepo. Obi ya ce sautin na jabu ne, an yi masa haɗe-haɗe. Ko wanne ne gaskiya, darasin ɗaya ne a wurinmu: in za a iya yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa haka, mai sayar da albasa a Muda Lawal fa? A 2020 kuma Kwamitin Kare 'Yan Jarida na duniya, CPJ, ya fitar da rahoton yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan waya suka kama 'yan jarida, ta hanyar fara damƙe mutanen da suke yawan waya da su don a yaudaro su. Waɗancan mutanen laifinsu kawai lambarsu ta fito a jerin kira.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafarmu. Mutane suna ɗauka sauraro shi ne a ji muryarka kaɗai. A'a. Ko ba a ji kalma ɗaya ba, kamfanin waya ya san wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, kuma kusa da wace eriya kake tsaye. Ɗan kasuwa kuwa yana kiran mutum hamsin a yini, rabinsu bai san gidajensu ba: direba, ɗan dako, mai POS, dillalin shanu, wanda ya ce a aika masa buhu goma zuwa wani ƙauye. In gobe aka kama ɗaya daga cikinsu da laifin kai wa 'yan bindiga abinci, lambarka tana cikin wayarsa sau ashirin. Ɗan gari yana da mai unguwa da ya san kakansa, yana da wanda zai tsaya masa. Baƙo fa? Sau da yawa abin da za a fara tambaya shi ne daga ina ya zo, kuma in amsar ta zama Zamfara ko Nijar, wani ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. Saboda haka mu baƙi mun fi kowa buƙatar a kama miyagu, mun kuma fi kowa buƙatar a yi shi bisa ƙa'ida.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa abubuwa uku ta hana: mummunan zato, bin diddigin asirin mutane, da giba. Duba yadda suke bin juna: zato ne ke haifar da leƙe, leƙe kuma ya haifi yaɗawa. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar, yana Halifa, yana sintiri da dare, ya ji hayaniya a wani gida, ya haura katanga ya tarar da mutum yana saɓo. Mutumin ya ce masa shi laifi ɗaya ya yi, Halifa kuwa uku: ya yi leƙe, ya shigo ta katanga ya bar ƙofa, ya shigo ba izini. Umar bai ce masa "ni ne hukuma" ba. Ya karɓi maganar, ya ƙyale shi bisa alƙawarin zai tuba. Abu Dawud kuma ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa shugaba in ya shiga neman abin zargi a cikin jama'arsa, lalata su zai yi. Wanda ya ga yadda mutane suka koma jin tsoron faɗin gaskiya ko ga 'yan'uwansu ya san ma'anar wannan.

Amma kuma malaman ba su rufe ido ga larura ba. Imam Mawardi, wanda ya rasu shekara ta 450 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da ikon bin diddigin abin da aka ɓoye, sai fa in ɓarna ce da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar amintaccen mutum ya ba shi labarin wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Nan kam ya halatta ya bincika. A lura da sharaɗin: labari daga amintacce, a kan mutum sananne, kan abin da ba ya jira.

Akwai ma ƙissar da ta yi kama da zancenmu ƙwarai, tana cikin Bukhari da Muslim. Gab da buɗe Makka, sahabi Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Musulmi, ya ba wata mata ta kai. Annabi ya aiki Ali da Zubairu da Miƙdadu, ya faɗa musu wurin da za su same ta, Raudatu Khakh. Suka tare ta, ta musa, suka matsa, ta ciro wasiƙar daga cikin kitsonta. Wannan tare saƙo ne don tsaron ƙasa, babu ko shakka. To amma duba yadda aka yi shi. Mace ɗaya aka tare, wasiƙa ɗaya aka karɓa. Ba a ce daga yau duk wasiƙar da za ta fita Madina sai an buɗe ta ba. Sannan aka kira Haɗibu aka tambaye shi dalili, ya ce shi ba ɗan asalin Ƙuraishu ba ne, iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kare su, shi ne ya so ya yi wa mutanen wata alfarma don su ƙyale masa iyali. Mu da muka bar iyali a wuraren da 'yan bindiga ke karɓar haraji, wallahi mun fahimci wannan tsoron. Umar ya nemi a ba shi izini ya sare shi, Annabi ya hana, ya tuna masa cewa mutumin ya halarci Badar. Wani abu kuma: Annabi ta hanyar wahayi ya san da wasiƙar. Jami'anmu ba a yi musu wahayi. Abin da zai tsaya musu a madadinsa shi ne hujja da za su ajiye a gaban wanda ba yaronsu ba.

A ganinmu nan ne maganar ta tsaya. Sauraron waya kamar cin mushe ne ga wanda yunwa za ta kashe: an yarda, amma gwargwadon abin da zai tsai da rai, ba a yi guzuri da shi ba. Kuma wanda ke cewa yana cikin larura bai kamata ya zama shi ne alƙalin larurar tasa ba. In hukumar da ke son sauraro ita ce mai cewa abin gaggawa ne, ita ce mai saurara, kuma abokin aikinta ne mai karɓar rahoto, to an ba kura ajiyar nama. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga irin wannan a 2020, lokacin da majalisarsu ta amince da dokar sauraron sadarwa wadda ta sa izinin a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali, har 'yan adawa suka ƙaurace wa zaman.

Sai kuma tambayar da ɗan kasuwa ba ya mantawa: mun biya, me aka ba mu? A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Ministan da ya jagoranci abin, Malam Isa Ali Pantami, ba baƙo ba ne a garin nan, ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muka rufe shaguna muka bi layi cikin rana, aka ɗauki hoton yatsunmu da fuskokinmu. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. A Satumban 2021 an ma kashe sabis ɗungurungum a Zamfara, daga baya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Mutum ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba, wasu sai sun yi mota zuwa Funtuwa kafin su buga waya. Duk mun haƙura saboda an ce tsaro ne. Amma har gobe ɗan bindiga yana kira da layi, ya yi ciniki kwana da kwanaki, ya sa a kawo masa katin waya a cikin kayan fansa. A Janairun 2024, da aka sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a Abuja, shi kansa Pantami ya fito ya ce matsalar ba daga tsarin take ba, rashin amfani da shi ne daga ɓangaren jami'an tsaro. To in kunnen yana jin mai sukar gwamnati cikin kwana biyu, amma ba ya jin mai neman miliyan hamsin cikin wata biyu, dole mutum ya tambayi wa aka sayo shi domin shi.

Kada kuma a ce yawan sauraro shi ne yawan tsaro. A Amurka, bayan harin 11 ga Satumban 2001, 'yan sandan birnin New York sun kafa wani sashe da ya riƙa bin masallatai, shaguna da gidajen abincin Musulmi, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani kamarmu, yana rubuta wa ya zo, me aka ce. Kamfanin dillancin labarai na AP ya tona abin a 2011. A 2012 wani babban jami'insu ya amsa bisa rantsuwa cewa aikin bai taɓa samar da bayanin da ya kai ga buɗe binciken ta'addanci ko ɗaya ba. A 2014 aka rushe sashen. Abin da ya bari shi ne masallatan da kowa ke zargin na kusa da shi a sahu. Wanda ya tara kunnuwansa a kan kowa, hayaniya ce za ta cika su.

Kafin mu nuna gwamnati da yatsa, akwai namu. Wayoyin da ke aljihunmu suna naɗar murya, kuma ana naɗa. Mutum ya kira abokin cinikinsa, ya ja shi da hira har ya faɗi wata magana a kan wani, ya naɗe, kafin la'asar tana yawo a WhatsApp. Miji ya ɗauki wayar matarsa tana barci, kishiya ta sa yaro ya buɗe wayar kishiya. Aure nawa wannan ya kashe, amana nawa ta shekara ashirin ya rushe a kasuwa? Bukhari ya ruwaito azaba mai tsanani ga wanda ya kasa kunne ga zancen mutane alhali ba sa so, narkakkiyar dalma ce a kunne ranar Ƙiyama, kuma ruwayar ba ta ware mai kaki daga mai jallabiya ba. In ciniki ne kake tsoron a musa, ka gaya wa mutum za ka naɗa, ko ku rubuta, ku sa shaidu, kamar yadda aka umarce mu a kan bashi.

Lokacin zaɓe in ya matso, masu neman kujerar majalisa za su zo gaisuwa, kamar yadda suka saba zuwa Wunti da Muda Lawal da ƙofar masallatai. Muna tambayarsu taki, hanya da wuta, kuma ya kamata. Wannan karon a ƙara musu da wannan: a bara layi nawa aka saurara a ƙasar nan, sau nawa alƙali ya ƙi sa hannu, mutum nawa aka ceto daga daji ta dalilin sauraron, kuma jami'i nawa aka hukunta don ya yi amfani da na'urar a kan abin da ba a sayo ta dominsa ba? Ba sunaye ake nema ba, balle a ce za a tona asirin aiki. Adadi kawai, a karanta shi a zauren majalisa sau ɗaya a shekara. Wanda a cikinmu aka kira shi ofis saboda lambarsa ta fito a wayar wani kuma, kada ya tafi shi kaɗai a ɓoye don kunya. Ya sanar da shugabannin kasuwarsa da kwamitin masallaci, ya riƙe rasiɗai da littafin cinikinsa, a nemi lauya tun da wuri.

Allah Ya kuɓutar da 'yan'uwanmu da ke hannun masu garkuwa, Ya mai da su ga iyalansu lafiya.